Facin Ƙarshe na Malam Haladu

Ina rumfata a kasuwar Kazaure, ina kwance wayar wani, sai ɗan acaɓa daga Roni ya tsaya, ko injin bai kashe ba. "Alhaji Ɗanliti, Malam Haladu ya cika." Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na ajiye sukundireba, na rasa yadda zan yi da hannuwana.

Ga wanda bai san shi ba, Malam Haladu ne mai duba gyare-gyaren manhajarmu, wadda ke tuna wa makiyaya ranar allurar shanu ta saƙon waya. Manhajar ta kowa ce: wanda ya ga ɓaraka sai ya turo faci, wato ɗan gyara, da bayaninsa. Amma babu abin da ke shiga sai ya bi ta idon Malam.

Ni ɗan kasuwa ne, na san yadda ake lulluɓe kaya da daɗin baki. A wurinsa wannan bai taɓa ci ba. Ka rubuta "na gyara matsala", wayarka za ta yi ƙara: "Wace matsalar? Ta gidanka ko tamu?" Ƙa'idarsa ita ce layin farko na bayanin ya zama gajere, ya faɗi abin da aka yi, a bar fili, sannan a kawo dalili. Yakan ce, "Wanda zai karanta baɗi ba shi da lambar wayarka." Duk da haka bai taɓa tsinka kowa ba. A bainar jama'a godiya yake rubutawa, faɗan sai ku biyu.

Ya tafi ya bar faci guda yana jiran mai dubawa, domin bai taɓa shigar da nasa da hannunsa ba. A wurin zaman makoki abokan aiki suka taso ni gaba: "Shigar kawai, Alhaji. Wa ke yi wa mamaci gyara? Ina kunya?"

Wallahi na so in bi su, don na gaji. Amma na karanta, na kuma ga abin da ciwon ajali ya ɓoye masa: makiyayan Babura masu riƙe da layin Nijar, in aka shigar da facin haka, saƙo ba zai ƙara isa gare su ba. Allura za ta wuce shanunsu.

Ban shigar ba. Na rubuta a ƙasa, "Allah gafarta Malam, a nan an manta da layin Nijar." Na ɗora gyara a kai, na bar sunansa a sama, na tura a duba mini. Har yau kowa noƙewa yake, ni kuma ba zan shigar da nawa da hannuna ba. Muna nan muna jira, ni da shi.

Allah ya jiƙan Malam Haladu, ya sassauta masa tambaya, ya haskaka kabarinsa. Allah ya ba iyalinsa haƙuri, ya raya abin da ya bari. Mu kuma, in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani.