Ranar da Mardiya Ta Yi wa Uwarta Wanka

In aka yi rasuwar mace a unguwarmu ta Hausawa a Anacha, ba a neman kowa sai Mardiya. Za ka ga ta sauko daga babur ɗin okada da jakarta, sabulu da kafur da almakashi a ciki, ko doguwar gaisuwa ba ta tsayawa yi. Shekararta talatin da biyu, tana da shagon ɗinki kusa da Kasuwar Ose da 'ya'ya uku. Baƙi kan tambaye ni, wai yarinya ƙarama haka, ina ta koyi wankan gawa? Ni ce Rabi, gwaggonta, yayar ubanta, kuma ina tsaye a wurin ranar da ta fara.

Bari in fara da laifina. Ban so auren uwarta ba. Ƙanena Hammadu dillalin albasa ne, ya je ya ga wata 'yar Ibo mai sayar da manja, Chinwe, ya ce shi duniya sai ita. Na yi faɗa, na yi gaba, wata uku ban ci abincin gidansa ba. Ta musulunta, aka sa mata Sharifa, aka ɗaura aure, na taɓe baki na ce za mu gani. To, na gani. Shekara goma sha tara matar nan tana riga ni tashi sallar asuba, ni kuwa ban taɓa buɗe baki na ce mata na yi kuskure ba. Abin nan yana ci na har yau.

Ciwon ƙoda ne ya kwantar da ita. Da ta ga jiki ya ƙi, ta kira Mardiya a gabana ta ce, "Kada ki bari a kai ni ɗakin ajiye gawa. Ranar da na tafi, ranar za a binne ni, yadda ake yi wa kowane Musulmi." Mardiya na da shekara goma sha bakwai lokacin, ko sakamakon jarrabawarta bai fito ba. Ta ce, "To, Mama."

Ranar wata Talata, bayan sallar asuba, Allah ya karɓi abinsa. Hammadu yana can Aliero yana lodin albasa, tafiyar kwana biyu. A waya ya ce, cikin kuka, kada mu jira shi.

Hantsi bai gama fitowa ba sai ga motar asibiti a ƙofar gida. Okwudili ne, yayan marigayiya, da samari huɗu da babbar yayarsu, Obiageli. A garinsu, in 'yarsu ta mutu a gidan aure, gida ake mayar da ita. A ajiye ta wata ɗaya ko biyu, dangi su taru daga ko'ina, sannan a binne ta a ƙasar ubanta. Ya ce abin da ya kawo su ke nan.

Tashin hankali! Nan da nan mahautan unguwarmu suka baro aikinsu suka cika layi. Ana ta ɗaga murya da turancin kasuwa, wannan ya nuna wancan da yatsa. Ni ma ban taimaka ba, na leƙo ta zaure ina cewa sai dai su bi ta kaina. Liman yana ba da haƙuri, babu mai jin sa.

Sai Mardiya ta ratsa ta gefena ta fita. Ta je gaban kawunta ta durƙusa a ƙasa, gwiwa biyu, ta yi masa magana da yaren Ibo. Shekara talatin na yi a garin nan, ina ji ko da ba na iya mayarwa.

"Kawu, ni ce na ba ta ruwa na ƙarshe. Ta ce in binne ta yau, kuma na amsa mata."

Ya ce, "Tashi, 'yata. Ko kaza ce ta mutu ai akan duba ta kafin a kawar. Ta mutu da safe, ku turbuɗe ta da rana? Me zan gaya wa tsohuwarmu a gida? In ce an jefa 'yarta a rami, ba wanda ya ga yadda aka yi?"

Sai a lokacin na gane ashe ba neman rigima ya kawo mutumin nan ba. Shi ma ƙanwarsa ce ta mutu.

Mardiya ta ce, "To a gani. Inna Obiageli ta shigo ta tsaya a kanmu har mu gama. In ta fito ta ce mun wulaƙanta Mama, ni da hannuna zan taya ku sa ta a mota."

Na ce, "Ke! Kina da hankali kuwa?" Ko kallona ba ta yi ba. Liman ya sosa gemu, sannan ya ce tun da matar 'yar'uwarta ce, ta shiga. Okwudili ya ce ya yarda, amma abin da yayarsa ta faɗa shi za a yi.

Ga wata matsalar kuma. Iya Ramlatu, tsohuwar da ke yi mana wankan gawa, ta tafi Arewa bikin jikarta. Na dubi matan da ke tsakar gida, kowacce ta sunkuyar da kai. Ni na sha tsayawa ina miƙa wa Iya ruwa, na san yadda ake yi, amma ban taɓa yi da hannuna ba, ranar ma na kasa. Mardiya ta naɗe hannun riga ta ce, "Gwaggo, ki faɗa mini, ni zan yi."

Muka shiga mu uku, muka ja labule. Obiageli ta jingina da bango, ta harɗe hannu, fuskarta a ɗaure. Ina faɗa, Mardiya tana yi. Ta rufe uwarta da zane, ta naɗe hannunta da tsumma, ta yi mata alwala, ta fara da ɓangaren dama. Duk sanda za ta motsa ta sai ta sunkuya ta ce a hankali, da yarensu, "Mama, zan juya ki." Ta taɓa ruwan da bayan hannu ta ce ya yi sanyi, a ƙaro ɗumi. Wallahi sai da na kau da kai.

Da aka zo gashi, na ce a tsefe shi a yi kitso uku. Nan ne yatsun yarinyar suka ƙi. Ta kama, ya zame, ta sake kamawa, ya zame. Sai Obiageli ta taso daga bango ta ce, "Ba ni. Ni nake yi wa kan nan kitso tun ba ta iya magana ba." Na buɗe baki zan hana, Mardiya ta yi mini wani kallo, na haɗiye maganata. Matar nan ta zauna ta raba gashin uku, tana kitsawa hawaye na ɗiga a hannunta. Muka sa kafur, muka naɗe likkafani tare.

Obiageli ta fita, mu muna bayan labule muna saurare. Ta ce da ƙanenta, "Sallami motar. Ni ma in na mutu ina fatan in sami mai yi mini haka."

Ba wai komai ya wanye ba ne. Kakar Mardiya ta ƙauye har ta koma ga Allah ba ta yarda ta sake ganin yarinyar ba, kuma Mardiya ta san haka za a yi tun tana durƙushe. Amma ranar Okwudili ya bi makara har maƙabarta, ya tsaya gefe da hularsa a hannu.

Mu mata ba ma zuwa. Mardiya ta zauna a bakin zaure, idonta a bushe, tana karɓar gaisuwa kamar wata dattijuwa. Gab da la'asar maza suka dawo, ƙafafunsu duk jar ƙasa. Ta miƙe ta tari liman.

"Malam, an sa ta?"

"An sa ta, Mardiya. Allah ya yi miki albarka."

Ta juyo ta dube ni ta ce, "Gwaggo, yanzu zan iya yin kuka?" Na ce yi, 'yar nan, yi. Ta faɗo jikina tana kiran Mama, na riƙe ta, muka zube ƙasa tare.