Man Inna da Ya Koma Man Sanusi

Har gobe ban manta da ranar da Baba Ladan ya shigo asibitinmu da farar roba a hannu yana murmushi ba. Na daɗe a aikin nan, na karɓi haihuwa, na ga saran maciji, na ga abin da ba ya faɗuwa, amma in kuka ce in zaɓi rana guda da ta tsaya mini a maƙogwaro, to ita ce. Ku da kuka fara aiki kwanan nan, ku gyara zama. Kuma tun da wuri in gaya muku, labarin kishi ne, ba kuwa afuwa na zo nema ba.

A lokacin ni ce incaji a wani ƙaramin asibitin sha-ka-tafi, a wani ƙauye can wajen Kekun Waje, ƙaramar hukumar Bungudu. Ga wanda bai san tsarinmu ba, incaji ita ce shugabar wurin. Ita ke riƙe makullin ɗakin magani, ita ke duba marasa lafiya, abin da ya fi ƙarfinta ta tura babban asibiti a Gusau. Mu jami'an lafiya ne, ba likitoci ba, amma a ƙauye duk wanda ya sa farar riga sunansa Likita.

Ban da maganin gwamnati, ina da abu guda nawa na kaina, wato man shafawa na masu bushewar fata da ƙaiƙayi. A hannun mahaifiyata na koya, Inna, 'yar Rawayya, Allah ya jiƙanta. Man kaɗe mai kyau ake samu, a narkar da shi da wuta kaɗan-kaɗan, a tace da farin ƙyalle, a ɗiga man riɗi, sai a yi ta bugu da ludayi har ya yi fari ya yi laushi. Inna ba ta yarda a ajiye ludayi sai kafaɗa ta yi tsami. Ba a sa turare, domin turaren nan shi ke ƙara tayar da ƙaiƙayi. A gwangwanin madara nake zuba wa mutane, kyauta. Matan garin suka sa masa suna man Hajiya Hajara, ni kuwa ba zan ɓoye muku ba, ina jin daɗin sunan nan har cikin raina.

Mutum ɗaya ne man nan ya ƙi yi wa aiki, shi ne Baba Ladan, mai kiran sallah a masallacin garin. Tsoho ne siriri mai sanyin magana. Daga gwiwar hannunsa zuwa yatsu, da kuma ƙafafunsa, fatar ta bushe ta yi fari, ta tsattsage, yana susa har jini ya fito. Rani da damina haka yake. Na duba, ba ƙazuwa ba ce, ba makero ba ne. Na auna sikarinsa, lafiya lau. Na tura shi Gusau, likita ya ce bushewar fata ce mai daɗewa, ba ta rabuwa da mutum gaba ɗaya, sai dai lallashi. Ya ba shi maganin shafawa na ɗan lokaci, ya ce sauran aikin na gida ne.

Na zaunar da tsohon nan na karanta masa komai. Ya bar wanka da ruwa mai zafi, sai mai ɗumi. Ya ajiye soso. Ya yanke farce. Ya riƙa sa rigar auduga. Ya shafa mai safe da yamma. Duk zuwansa sai na tambaya, "Baba, kana shafawa kuwa?"

"Ina shafawa, ɗiyata, wallahi ina shafawa."

Kuma da gaske gwangwanin yana ƙarewa, amma fata tana nan jiya i yau. Haka muka yi ta yi shekara da shekaru. Rannan sai ya zo ya ajiye mini gwangwanina a kan tebur, a cike.

"Ɗiyata, ki bar wahal da kanki. Wanga mai naki bai karɓe ni ba. Allah shi yi maki albarka."

Na yi dariyar yaƙe na ce ba komai, amma ranar ko abincin rana ban iya ci ba.

Ana nan sai aka turo mana sabon ma'aikaci, Malam Sanusi, mutumin Tsafe. Takardarmu iri ɗaya ce, sai dai na girme shi a aiki nesa ba kusa ba, don haka a ƙarƙashina yake. Kun san irin mutanen nan da ƙamshin turarensu ke riga su shiga ɗaki? To shi ne. Ga babur, ga surutu, kowane tsoho abokin wasansa ne. Kafin wata ya zagayo ya san sunan kowa a garin har da na jakuna. In an kira azahar sai ya ɗauki buta ya nufi masallaci, ni kuma in shimfiɗa dardumata a ɗakin magani.

Wata rana ya leƙo ofishina yana sosa ƙeya.

"Hajiya, a ɗan sam mini man nan naki mana. Kaushi ya dame ni a diddige."

Kaina ya fasu. Na ce ashe dai ɗan gayun nan ya san abu mai kyau. Na cika masa gwangwani har yana zuba.

Bayan wasu makonni, ranar awon ciki, ina auna mata sai na ji suna hira a baranda. Wai an ga Baba Ladan ya naɗe hannun riga a kasuwa, abin da ya daɗe bai yi ba. Wai sabon likita ne ya ba shi wani mai. Da layi ya zo kan wata mai suna Lantana, wadda ni na warkar mata da fatar 'yarta da hannuna, sai ta sunkuyo ta ce, "Hajiya, don Allah ki roƙar mana Malam Sanusi ya sam mana man nan nashi. An ce ya fi naki ƙarfi."

Na ce a aika gidan Ladan a ɗibo mini kaɗan in gani. Aka kawo a ganye. Ko kallo ban yi ba, hanci kawai na kai. Jama'a, mutum zai manta ƙamshin ɗakin uwarsa? Man Inna ne, ko ɗigon wani abu ba a ƙara ba.

Da aka tashi aiki na kira Sanusi na rufe ƙofa.

"Malam Sanusi, yaya diddige?"

Ya yi dariya, ya ga ban yi ba, ya haɗiye tasa. Sai ya ce in yi haƙuri in saurare shi. Ya ce tun makonsa na farko, suna tsugune a wurin alwala, ya ga Baba Ladan ya zaro guntun sabulun wanki daga aljihu. Kafin ya fara alwala sai da ya dirje hannuwansa da ƙafafunsa tas da sabulun nan, har da ɓawon masara yake gogewa. Ya zuba ido, ya ga kowace sallah haka yake yi, kuma shi mutum ne mai yawan sake alwala. Da ya ja shi da wasa, tsohon ya ce tun yana shafa man nawa ya saba da haka, ai mai yana hana ruwa taɓa fata. In ruwa bai taɓa ba babu alwala, in babu alwala da wane ido zai kira mutane sallah? Ashe man da nake ba shi yana shafawa da gaske, sai dai ba ya daɗewa a jikinsa yake kankare shi da sabulu mafi kaifi a garin.

Sanusi ya ce ya ja shi wurin liman, liman ya yi masa bayani cewa man da ya nutse cikin fata ba ya hana ruwa, sai wanda ya daskare ya yi kauri a kai. Daga nan Sanusi ya juye man nawa a farar roba ya ba shi, ya ce masa ya bar sabulun. Da zarar ya idar da alwala, tun fatar tana da danshi, ya lakuci kaɗan ya murza har ya ɓace. Shi ke nan abin da ya yi.

"To me ya hana shi gaya mini duk shekarun nan?"

"Haba Hajiya. Dattijo ya zauna gaban mace yana lissafa mata yadda alwalarsa ke karyewa?"

"Kai kuma me ya hana ka ce masa man nawa ne? Har da sauya roba!"

"Ya riga ya yanke wa naki hukunci. Wallahi in ya ji naki ne, gobe zai ajiye shi, ya koma wa sabulunsa."

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne gaskiya ya faɗa. Da ƙarya ya yi, da na samu abin kamawa. Na yi shekaru ina fama da tsohon nan, shi kuwa da buta ɗaya ya gano abin da ko zan shekara ɗari ba zan gani ba, don ba ni da wurin tsugunawa a ƙofar masallacin maza. Ba fin ni sani ya yi ba, wurin zama ya fi ni.

Kuma kada ku ɗauka mutumin nan ya ji kunyar sunan. Ina! Tafiyarsa ma sai da ta sauya. Ana kawo masa ƙwan zabi, ana kawo masa rake. Mai duba ayyukanmu daga ƙaramar hukuma ya zo zagaye, mai gari ya yi ta yabon sabon likita a gabansa, ni ina tsaye riƙe da makullai kamar mai gadi. In robar ta ƙare kuma Sanusi ya leƙo, "Hajiya, a taimaka, jama'a na jira." Ni ce dai zan koma gida in yi ta bugu har kafaɗa ta yi tsami. Maigidana ya samu abin tsokana, in ya ga na ɗora tukunya sai ya ce, "A'a, yau ma ana yi wa Malam Sanusi aiki?" Sunan Inna da nawa suka ɓace daga bakin mutane ina ji ina gani. Na ƙudurta a raina, duk ranar da na haɗu da Ladan zan fasa ƙwan, abin da zai faru ya faru.

Sai ga shi ya kawo kansa. Ranar kasuwa ce, baranda cike da mata. Ya yi sallama, ya zauna a bencin da ya saba zama, ya naɗe hannun riga ya miƙo mini. Fatar ta kwanta luf, sai tabon tsohuwar susa nan da can.

"Kin gani, ɗiyata? Yanzu har assalatu nika kai ban susa ba."

Na buɗe baki, maganar tana kan harshena. Sai ya riƙe ni da ido yana kallon hannuwana. Ku kun san hannun ma'aikaciyar asibiti, wanki da sabulu ba iyaka, duk bayan yatsuna ya yi fari. Ya girgiza kai cikin tausayi, ya turo mini farar robar nan.

"Tun rannan na lura da hannunki. Ga wanga, na rage maki. Na Malam Sanusi ne. Ki bar wancan naki, ba shi da ƙarfi. In kin gama alwala, tun da sauran danshi, ki lakuci kaɗan ki murza. Kada ki sa sabulu."

Matan baranda suka zubo mana ido. Na hango Sanusi a bakin ƙofa, ya daina murmushi, yana roƙona da ido. Kalma kaɗan ce tsakanina da sunana, ga shaidu cike da baranda. Na sake kallon hannun tsohon nan. Na tuna yadda yake zuwa da jini a hannun riga, na tuna gwangwanin da ya mayar mini a cike. Mutumin da ya ce abu bai karɓe shi ba, ba ya komawa gare shi, na san mutanenmu.

Na ce, "Na gode, Baba. Allah ya saka da alheri."

Bai bar ni haka ba. Ya ce sai na gwada a gabansa. Na jiƙa hannu da ruwan buta, na lakuci man uwata, na murza kamar yadda ya koya mini.

"Kin ji bambanci ko?"

"Na ji, Baba."

Ya rayu shekaru bayan haka, fatarsa a kwance, kuma har ya koma ga Allah bai sani ba. Sanusi ya samu ƙarin girma ya koma Tsafe, muna gaisawa, ba na ce muku ina murna in na ji sunansa ba.

Abin da na ɗauka daga wannan, ku ma ku ɗauka. Kada ku tsaya a "kana shafawa?" Mutanenmu ba ƙarya suke yi ba in sun ce e. Ku tambayi yaushe, da me ake yi bayan an shafa, kuma in kun ga akwai abin da kunya ba za ta bari a gaya muku ba, ku nemi wanda za a iya gaya wa, ko da kuwa shi zai tafi da yabon. Mara lafiya fuskar da ya samu sauƙi a hannunta yake tunawa, ba ruwansa da wadda ta sha hayaƙi. Wannan kuwa yana da ciwo, duk wanda ya ce muku ba ya ciwo bai taɓa ɗanɗanawa ba.

Yanzu na yi ritaya, ina zaune a Sabon Gari nan Gusau. Kwanan baya wata mata ta yi sallama a gidana, goye da yaro duk ƙafarsa ta tsattsage. Ta ce daga wajen Bungudu take, an ce mata na taɓa aiki da mai man nan, ko na san inda ake samun man Sanusi?

Na dube ta, na dubi ƙafar yaron. Na ce ta shigo ta zauna, na je na ɗauko ludayin Inna.