Ranar da Muka Auna Ƙofar Kuyambana

Ina aji huɗu a sakandare malamin lissafinmu ya ba mu wani aikin gida da ya hana ajin sakat. Ranar Juma'a ce, ana dab da tashi, ya rubuta a allo cewa mu nemi wani abu mai tsawo a unguwa, bishiya ko hasumiya ko dogon gini, mu faɗi tsawonsa ba tare da mun hau ba. Ya ce mu yi bibbiyu, mu kawo ranar Litinin. Wata ta ɗaga hannu ta tambayi yadda za a yi, sai ya ce ai ya koya mana tun makon jiya, ya ɗauki jakarsa ya fita. Kuma ba ƙarya ya yi ba. Na tuna ya zana alwatika biyu, babba da ƙarama, ya yi ta bayani. Bayanin ne dai bai zauna mini ba.

Abokiyar zamana a aji 'yar Wusasa ce, babanta kafinta. Benci ɗaya muke tun aji ɗaya, ita ta fi ni Turanci, ni na fi ta haddace sunayen ƙasusuwa, a lissafi kuwa babu mai yi wa wata dariya. Ranar Asabar da hantsi ta zo gidanmu a Ƙofar Gayan da wayar yayanta, muka zauna a soro muna bincike. Muka samu bidiyon wani Bature a tsakiyar fili, riƙe da wata na'ura yana leƙen kan bishiya. Bai kai ga faɗin abin da ya gani ba data ta ƙare.

Muka shiga ciki wajen Yaya, babban wana, wanda ke aiki a sakatariya. Yana wanke babur ɗinsa na karanta masa tambayar. Ya saurara har ƙarshe, ya matse soso.

"Ni lissafi tun ranar da na rubuta jarrabawar ƙarshe muka yi sallama," in ji shi. "Ku je wajen Antinku, fiziks ta karanta a jami'a."

Antin tamu matarsa ce, ba ta daɗe da tarewa ba. Mace ce mai shiru-shiru, ga tabarau, in ta gaida Umma da safe ta yi aikinta sai ta koma ɗaki. Mu yaran gida mun ɗauka ba ta son hayaniya, shi ya sa muke kewaye ƙofarta. Na yi sallama a ɗarare, ƙawata na turo ni ta baya.

Tana karanta tambayar na ga fuskarta ta sake. Ta miƙe ta ce mu biyo ta tsakar gida. Ta shiga kicin ta fito da muciya, ta kafa ta a tsaye inda rana ke dukan siminti.

"Me kuka gani?"

"Muciya," na ce.

"A ƙasa fa?"

"Inuwarta," in ji ƙawata.

"To shi ke nan, aikinku ya ƙare, saura rubutu."

Ta ɗauko tef ɗin ɗinkin Umma ta auna muciyar, ta auna inuwar. A lokacin inuwar rabin muciyar ce. Ta ce in tsaya kusa da ita, ƙawata ta auna tawa inuwar. Sannan ta ce, tunda rana ɗaya ce ke dukanmu ni da muciyar, in inuwar muciya rabinta ce, to tawa ma rabina ce, sai a ninka kawai. Muka ninka. Ta jingina ni da bango ta auna ni tun daga dunduniya har ƙoƙon kai, bambancin bai fi faɗin yatsa ba. Ƙawata ta ce a sake da ita, aka sake, ya fito. Muka auna turmi, muka auna randa. Har Umma ta leƙo ta ce a dawo mata da muciya kafin a auna ta ita ma.

Sai maganar abin da za mu auna na gaske. Na ce hasumiyar masallacin unguwa, ƙawata ta ce ta cocinsu ta fi kyau. Anti ta ce inuwar hasumiya kan rufin gidajen mutane take faɗawa, ba za mu iya bin ta da tef ba. Ta ce mu je Ƙofar Kuyambana, kowa na wucewa ta ƙarƙashinta, amma da wuya a samu wanda ya san tsawonta. Ta ce za ta raka mu. Yaya ya dube ta da mamaki, don ko biki sai ya yi da gaske take zuwa.

Washegari Lahadi, bayan an taso daga coci, ƙawata ta iso da babban tef na babanta, irin na masu gini. Ta zo kuma da rigar nan mai ruwan ɗorawa da ɗaukar ido da ma'aikatan titi ke ɗorawa a kan kaya. Babanta ne ya ce ta saka, saboda 'yan acaɓa su gan ta in ta tsuguna a titi. Anti ta saka dogon hijabi, ta riƙe takardunmu a cikin fayil don kada iska ta kwashe. Ni na ɗauki sandar tsintsiyar laushi da muka cire wa kai. Babu wadda ta tsaya ta yi tunanin kamar da muka yi wa mai kallo daga nesa.

Mun isa bakin ƙofar rana ta karkata. Inuwar ginin ta kwanta a kan hanya, babura da Keke Napep na ta ratsa ta. Na kafa sandata a gefe, Anti ta auna ta rubuta. Ƙawata ta ja tef daga gindin ginin ta nufi inda inuwar ta ƙare, tana ɗaga wa masu babur hannu, su kuwa suna tsayawa da ladabi saboda rigar.

Mai rake ne ya fara matsowa. Ya gaida Anti har da ɗan rusunawa.

"Hajiya, har zuwa ina aikin zai kai?"

"Nan ne kawai, inda inuwar ta tsaya," in ji ta, tana nuna masa da biro.

Inda ta nuna ɗin kuwa daidai ƙafar teburin mai shayi ne. Mai rake ya koma ya yi magana da mai shayi, mai shayi ya kira mai faci, kafin mu gama karanta lambar da ke kan tef an kewaye mu. Wani ya ce dama ya ji za a faɗaɗa titin. Wani ya ce ba titi ba ne, kwalbati za a yi, ɗan'uwansa ya ga takardar da idonsa. Mai shayi ya fara sauke gwangwanayen madara yana zubawa a kwali.

Anti ta ce, "Malam, ka bar kayanka. Aikin makaranta ne, yara ne ke koyon lissafi."

"Haka kuke cewa da farko," in ji mai faci.

Duk yadda ta yi bayani sai su gyaɗa kai kamar sun yarda, sannan su tambayi yaushe katafila za ta zo. Mai rake ya feraye manyan gaɓoɓi ya miƙo mana, ya ce in an zo rubuta sunaye a tuna shi ya fi kowa daɗewa a wurin. Ƙawata ta karɓa ta fara sha, na zungure ta, ta ce ai kyauta ce.

Ana cikin haka aka buɗe hanya, mai unguwa ya iso, an je an kira shi daga gida. Dattijo ne dogo, da carbi a hannu. Ya tambayi daga wace ma'aikata muke, kuma me ya sa ba a sanar da shi ba. Anti ta durƙusa ta gaishe shi, mu ma muka durƙusa. Ta faɗa masa gidan da take aure, ya ce ya san mahaifinmu tun suna makarantar allo. Sannan ta nuna masa sandar da inuwarta, ta yi masa bayanin da ta yi mana a tsakar gida.

Ya daɗe yana kallon sandar. A lokacin inuwar ta kusa kai tsawonta.

"Wannan ai da shi muke gane shigar la'asar," ya ce. "Ashe har gini ake aunawa da shi."

"Har bishiya, Baba."

"Har bishiya?"

Ya juya ya gaya wa jama'a cewa babu rusau, kowa ya koma sana'arsa. Mai shayi ya mayar da madararsa, amma bai daina hararar rigar ƙawata ba. Mai unguwa ya jira muka ƙarasa awonmu, sannan ya ce in ba mu gaji ba yana da wata 'yar matsala a bayan gida.

Wata giginya ce a garkarsa, ta bushe tun daga sama, yana so a sare ta. Maƙwabcinsa, wani Alhaji mai ɗinkin manyan riguna, ya rantse in aka sare ta kan katangarsa za ta faɗa, katangar da bai daɗe da ɗagawa ba. Mai unguwa ya ce ba za ta kai ba. Sun shafe damina guda suna wannan musu a kan tabarma ɗaya, kullum bayan sallar magariba, babu wanda ya sauka daga kan maganarsa.

Aka kira Alhaji ya fito da zare a wuya. Anti ta ja gefe ta ce mu za mu yi, ita kallo za ta yi. Na kafa sandar. Ƙawata ta bi inuwar giginyar ta cikin kunyoyin yakuwa har ƙarshenta. Muka tsuguna muka yi lissafi, muka samu amsoshi biyu daban, muka yi 'yar gardama ƙasa-ƙasa, ashe ni ce na juya lambobin. Da muka daidaita sai muka auna daga gindin giginyar zuwa katanga. Katangar ta fi nisa da kamar tsawon hannu.

"Ba za ta kai ba, Baba," na ce, muryata can ciki.

Alhaji ya dubi giginyar, ya dubi sandar tsintsiyata. "Yarinya, in ta kai fa?"

Na waiwayi Anti. Ta ce, "Alhaji, lissafinsu daidai ne. Amma duk da haka a ce wa masu sara su ja ta wancan gefen da igiya. Ba sai an gwada da katangarka ba."

Wannan magana ta yi wa Alhaji daɗi, ita ma ta farkon ta yi wa mai unguwa daɗi, kowa ya tafi yana ganin shi aka ba gaskiya.

A hanyar komawa gida Anti ta yi ta dariyar mai shayi da kwalinsa har tana share hawaye a ƙarƙashin tabarau. Ban taɓa jin dariyarta ba sai ranar. Ta ba mu labarin yadda suka taɓa cika ɗakin gwaji da hayaƙi suna ɗalibai, ta kwaikwayi muryar malaminsu. Muka isa gida tana ta zuba, Umma ta bi mu da kallo.

Ranar Litinin muka miƙa aikinmu da zane mai kyau, har da ɗan hoton ƙofar da ƙawata ta zana a gefe. Yawancin 'yan ajin sun kwafo misali ɗaya ne daga waya, bishiya iri ɗaya, tsawo iri ɗaya, malam ya tara su gaban allo yana tambayar a wace unguwa wannan bishiyar take da kowa ya same ta. Mu ya yaba mana, ya sa muka ba da labari, ajin ya yi ta dariya. Amma ya rage mana maki, don mun rubuta lambar tsawon ba mu saka mita a gabanta ba. Ya ce shi bai sani ba ko taku muke nufi ko zira'i. Ƙawata ta yi fushin wannan har aka tashi.

An sare giginyar a makon da ya biyo, muna makaranta, sai labari muka ji. Masu saran sun ɗaura igiya kamar yadda aka ce, amma igiyar ta tsinke, giginyar ta tafi kai tsaye wajen katangar Alhaji. Ta faɗi, ƙasa ta girgiza, ƙura ta tashi, da ta lafa aka ga kanta kwance gab da katangar, ko ɓarzanta bai yi ba. Yakuwar mai unguwa ce dai ta tafi gaba ɗaya.

Daga nan labari ya zaga cewa amaryar gidanmu ta iya lissafi. Jikokin Alhaji ne suka fara zuwa da littattafansu bayan la'asar, sai na mai unguwa, sai wasu da ba mu ma san gidajensu ba. Wannan ya zo da lissafin kashi, wancan da sunayen sinadarai, wata da aikin kwamfuta da aka ce ta rubuta a takarda don makarantarsu babu wuta. Anti ba ta taɓa ba kowa amsa kai tsaye ba, sai ta ce karanta mini tambayar tukuna, da ƙarfi. Da yawa suna kaiwa tsakiya suke cewa sun gane. Ni da ƙawata aka ba mu ƙananan yaran, mu da ba mu daɗe da sanin bambancin sama da ƙasan lamba ba.

Yaya kan dawo daga aiki ya tarar da takalma tun daga soro, ya rasa inda zai shigar da babur. Ya yi ƙorafi kwana biyu, a na uku ya kira baban ƙawata daga Wusasa ya auna bangon soron, aka kafa allo da dogon benci.