Ɗantani da Motar Ƙarfe Shida

Ƙungiyar garinmu ta ce a kawo sunayen waɗanda za a karrama bana, kowa ya rubuta dalilinsa. Na ji ana ta ambaton masu gina masallaci da masu haƙa rijiya, Allah ya saka musu. Ni sunan Ɗantani na kawo.

Ɗantani ɗan kamasho ne a 'yar tasharmu da ke ƙasar Lajawa, inda hanyar ƙauye take farawa kafin ta je ta haɗu da titin Wudil. Haifaffen Achika ne. Ya yi karen mota tun yana saurayi, ya zama direba, ya yi shekara ashirin yana tuƙi, har ido ya fara gaza masa. Ranar da ya kusa hawa kan garken tumaki da rana tsaka, da kansa ya miƙa wa mai motar mukulli, ya koma lodi. Gajere ne, ga murya, kana bakin masallaci kana jin sa. Maganarsa kuma ɗaya ce: "Saura mutum ɗaya." Ko motar babu kowa sai direba yana gyangyaɗi, saura mutum ɗaya ne.

Dokar tashar tun da aka kafa ta, mota ba ta tashi sai ta cika. Ran Juma'a, ranar kasuwar Wudil, kafin ka gyara zama ta cika. Sauran ranaku kuwa sai hantsi ya dubi mutum yana zaune.

Ni ban san duk wannan ba sai da ciwo ya kama Rahinatu. 'Yata ce, shekararta ashirin da shida. Bayan haihuwarta ta biyu ƙodarta ta daina aiki. Mijinta yana gadi a kudu, mahaifinta kuma ya rasu shekara huɗu ke nan, don haka ta dawo gabana. A babban asibiti a Kano aka ba ta gurbin wankin ƙoda, Litinin da Alhamis, ƙarfe takwas na safe. Injinan kaɗan ne, masu jira da yawa. Ba ta iya zaman babur, ga jiri, ga robar da aka sa mata a wuya. Shatar mota sau biyu a mako kuma ba aikin irina ba ne.

Litinin ta farko, muna idar da sallar asuba muka fito. Ɗantani ya tarbe mu da fara'a.

"Iya, shigo da ita. Saura mutum ɗaya."

Na leƙa na ga maza a zaune, na yi hamdala. Sai na lura duk fasinjan da ya zo, wani daga cikinsu yake sauka ya koma teburin mai shayi. Ashe zaunar da su aka yi don a ga kamar mota ta kusa cika. Ba mu tashi ba sai tara da rabi. Da muka isa an ɗora wani a kan injin. Haka muka juyo.

Kafin Laraba ƙafafunta sun kumbura, takalmi ba ya shiga. Kwanciya ta gagare ta, sai dai a jingine ta da bango, numfashi sama-sama. Jaririyar tana kuka, ba ta iya ɗaukarta.

Ran Alhamis muka sake makara. Nas ɗin da ke riƙe da takardar sunaye, Sista Patience, ta tausaya ta saka ta da yamma, rabin lokaci. Da za mu fito ta riƙe hannuna.

"Mama, wallahi ba ni da yadda zan yi. Mutum goma sha ɗaya ke jiran gurbin nan. In takwas ta buga ran Litinin ba ku nan, na wani ne."

Na ce, "In na wani ne, ita fa?"

Ta sake hannuna, ta koma kan takardarta.

Ni ba na tsayawa magana da maza a titi. Amma da muka sauka a tasha gab da magariba, na zaunar da Rahinatu a benci, na je na tsaya a gaban Ɗantani.

"Malam Ɗantani, ran Litinin ka ce min saura mutum ɗaya."

Ya yi dariya. "Haba Iya, ai maganar tasha ce. Kowa ya san ta."

"Ni ban san ta ba. Na ɗauka maganar Musulmi ce."

Na ɗaga gefen zaninta kaɗan na nuna masa ƙafar, na faɗa masa abin da nas ta ce. Ya daɗe yana kallo. Ya cire hula ya mayar. Bai ba ni haƙuri ba, sai ya ce, "Ƙarfe nawa za ku bar nan ku isa?" Na ce ban sani ba. Ya ƙirga da yatsu, gada, shingen 'yan sanda, cunkoson shiga gari, ya ce, "Shida."

Abin da ya yi Asabar da Lahadi daga bakin mutane na ji. Ya ɗauki kekensa ya bi unguwa-unguwa yana tambaya: wa ke zuwa Wudil ko Kano da sassafe, wace rana, da me yake zuwa? Ya iske malaman makaranta suna taka ƙafa har bakin titi, masu ciki suna fasa zuwa awo, masu kayan miya suna biyan babur, duk don ba wanda ya san lokacin tashin mota. Fasinja suna nan, tashar ce suka yanke wa ƙauna. Ya tara direbobi ya ce Litinin da Alhamis mota ɗaya za ta tashi ƙarfe shida, ta cika ko ba ta cika ba, direban da ya ɗauki lodin kuma shi ne farkon layi ran Juma'a. Suka ce tsufa ya fara taɓa shi. Wani direba Tasi'u ne kaɗai ya ce a gani. Aka yi sanarwa a masallaci, matar mai unguwa ta kai wa mata.

Ran Litinin da ƙyar na kawo Rahinatu tasha, sau uku muna tsayawa. Shida ta yi, mu huɗu ne a motar mutum goma: mu biyu, da wani malami, da wani tsoho mai ciwon ido. Tasi'u ya kashe mota.

"Baba Ɗantani, da ruwan rijiya zan kai su Kano?"

"Na ba ka Juma'a."

"Taka ce? Ciyaman ɗin tasha ya sani?"

"Zai sani."

"In ya kore ka fa?"

"Tuƙi ma ya kore ni, ga ni a tsaye."

"A ƙara ko minti ashirin. Ka ɗan yi kiran nan naka, ka zaunar da mutane."

Kan Rahinatu yana kafaɗata, ina jin ƙirjinta yana ƙara kamar ruwa a tulu. Hasbunallahu kawai nake maimaitawa, carbi ya jiƙe a hannuna.

Ɗantani bai yi kira ba. Ya zagayo ya ja ƙofar ya rufe da kansa, ya bugi rufin motar sau biyu, yadda ake yi in ta cika. Ya sunkuya ta taga.

"Tasi'u, ubanka na koya wa tuƙi. Tashi motar nan."

Tasi'u ya yi tsaki, ya murza mukulli.

Ba mu yi nisa ba wasu mata biyu masu zuwa awo suka tsayar da mu. Sun ji sanarwar, ba su yarda ba, suka tsaya a hanya su gani. Gaba kaɗan muka ɗauki mai kwandon tumatir. Muka hau gadar Wudil rana tana fitowa a kan ruwa. A bakin gari cunkoso ya riƙe mu, ina kallon agogon malamin nan, shi kuma yana juya hannu don kar in gani. Takwas saura minti shida Tasi'u ya tsaya a ƙofar asibitin, ya fito ya kama Rahinatu ta gefe ɗaya, muka shiga da ita. Sista Patience tana tsaye da takarda da biro a hannu. Ta dube mu, ta ce, "Gado na uku."

Ciyaman ya dakatar da Ɗantani mako biyu saboda ya raba layin Juma'a ba da izini ba. Duk da haka kullum biyar da rabi yana tasha, ba ya karɓar ko sisi, yana tsaye har motar ta tashi. Kafin ya dawo aiki direbobi sun fara rigima a kan wa zai ɗauki ta shida. Yanzu kullum ce, ban da Lahadi.

Rahinatu ba ta warke ba. Likita ya gaya min gaskiya, wankin riƙe ta yake yi, ba magani ba ne. Akwai ranakun da muke dawowa ba ta iya ɗaga kai, in zauna ina tunanin wa zai raka ta in na faɗi. Amma wata goma sha ɗaya ke nan gurbin nan yana hannunta, ba mu sake makara ba. Jaririyar ta fara tafiya, uwarta kuma ta gani da idonta.

Allah ya ƙara wa Ɗantani hasken ido, ya sa ya gama lafiya.