Ranar da Baffa Ya Ga Dala Daga Omdurman

Jiya 'yata ta yi tsaki don shafi ya ɗan jinkirta buɗewa a wayarta, sai marigayi Baffa ya faɗo mini a rai. Tela ne a unguwar Umbadda da ke Omdurman. Kullum yana ɗinki yana ba da labarin dutsen Dala na Kano, garin da kakanmu ya baro da ƙafa ya nufi Makka, ya yada zango a nan har ya zauna. Shi bai taɓa ganin dutsen ba, abokansa na kasuwa kuwa dariya suke yi masa, wai dutse a tsakiyar birni tatsuniya ce.

Ina jami'a aka buɗe shagon intanet kusa da kasuwar Omdurman, na lallashe shi muka je. Na buɗe burauza, na nuna masa gurbin da ake rubuta abin da ake nema.

"Ya bitti, wannan akwatin ya san Kano?" in ji shi. Haka yake kirana, wato 'yata da Larabci.

Na ce, "Zai tambayo mana, Baffa."

Muka yi ta jira, fanka na kaɗa mana iska mai zafi. Hoton ya riƙa saukowa kaɗan-kaɗan: shuɗin sama tukuna, sai jan dutse, sai rufin gidaje kewaye da shi. Baffa ya miƙe zumbur.

"Allahu akbar! Babana bai yi ƙarya ba!"

Aka buga masa hoton a takarda. Ranar bai taɓa keken ɗinki ba. Rumfa-rumfa ya bi yana nunawa, har dattijon da ya fi kowa musu ya karɓa, ya daɗe yana kallo, ya ce, "Ka yafe mana, malam."

Allah Ya haskaka kabarinka, Baffa, Ya sada ka da mahaifinka a Aljanna.