Luguden Inna Dije

A garin Sundimina na tashi, a hannun kakata Inna Dije, uwar mahaifina. Mahaifina makaɗin gangar noma ne. Ina goye ya bi motar Legas, daga can aka ce jirgi ya kai shi ƙasar Turawa, yana kiɗa da wasu baƙaƙen Amurka masu busa ƙaho. Wasiƙa ɗaya ya aiko, daga ita ɗif.

Bayan magariba Inna takan tara mu yara a bakin murhu ta yi mana tatsuniya. Mu yi ta roƙo ta canza, amma ina, tatsuniyarta ɗaya ce. Wani yaro ne kogi ya tafi da shi. Uwarsa ta kai turmi bakin ruwa tana lugude safe da yamma, don ya ji ya biyo sautin zuwa gida.

"Ya dawo, Inna?"

"Ke dai ƙaro itace."

Ba ta taɓa kai ta ƙarshe ba. A shekarar da aka yi fari, rumbu wayam, na sha kama ta tana dakan turmin da babu ko ƙwaya a ciki. Maƙwabta suka ce tsufa ne. Lugudenta daban yake, don tun da ta goce a kafaɗa takan buga biyu, ta dakata, ta tafa, sannan ta saki na uku.

Wata rana wani direba ya kawo kaset daga Kano, da hoton Baba a jiki. Aka aro rikoda. Ƙaho ya dinga ihu kamar akuya a hannun mahauci, ba take, ba amshi. Yara suka tuntsire da dariya, ni kuwa kunya ta kama ni. Can sai ƙahon ya yi shiru, ganga ta rage ita kaɗai. Biyu, dakatawa, tafi, na uku.

Inna ta damƙe hannuna har na ji zafi.

"Lugudena ne! Yana goye a bayana ya koya." Ta share ido da gefen zane. "Ashe yana ji. To me ya hana shi zuwa?"

Damina biyu ta ƙara, tana jira, ta rasu.

Na daɗe ina jin haushin Baba, har yau ban gama hucewa ba. Sai da na haifi nawa suka watsu na gane ba mu take wa tatsuniyar ba, shi take kira. Yanzu jikokina ke tambayata ko yaron ya dawo. Ni ma sai in ce su ƙaro itace.