Verna Tackett da Farar Motar Gunduma

Duk wanda ya tashi a Coyle Flat ya san Verna Tackett, domin ita ta yi ta jigilarsa zuwa makaranta a bas, kuma da wuya a ce bai taɓa shan masifarta ba. Mace ce gajera, kakkaura, mai kaifin ido. Ta madubin gaba take hango wanda ya tsunkuli wani a kujerar baya, ko juyowa ba ta yi za ta kira sunansa da na ubansa. Har ta yi ritaya ba a taɓa jin ta yarda da mutum kai tsaye ba. In ka gaishe ta da fara'a, sai ta tsaya tunanin abin da kake nema a wurinta.

Ba haka kawai ta tashi da wannan hali ba. Tana ƙarama mahaifinta ya dawo daga yaƙi kansa ba daidai ba, yana firgita, yana magana shi kaɗai. Wata safiya mutanen gunduma suka zo da mota, suka cire huluna, suka gaishe da uwarta cikin ladabi, suka ce za su kai shi ya ɗan huta. Hutun da bai dawo ba ke nan. Tun ranar Verna ta ƙudura a ranta cewa hukuma in ta zo maka da ladabi, to akwai abin da ta zo ɗauka.

Gobarar dajin da ta cinye garin a ƙarshen rani ta zo, da iska mai ƙarfi a bayanta. Gidan da Verna da mijinta Wendell suka gina da hannunsu, da bishiyoyin tuffarsu, da cocin da aka ɗaura musu aure, duk suka zama toka kafin azahar. Suka tsira da abin da suka jefa a bayan a-kori-kura. Da aka kwashe ɓaraguzai, suka jawo ɗaki irin wanda mota ke ja, suka kafa a filinsu suka ci gaba da zama.

Gida dai an ce za a sake ginawa. Wendell ne matsalar. Tsohon mai saran katako ne, ɗan sa-kai na kashe gobara, mutumin da a da bakinsa ba ya hutawa, ko jaki ya samu sai ya ba shi labari. Tun bayan wutar ya yi gum. Kullum da safe sai ya ɗauki manjagara ya yi ta karce filin da ko tsinke babu, ya jawo tiyo ya jiƙa ƙasa. In iska ta taso kuwa, sai ya shige a-kori-kura ya tayar da inji, hancin motar na kallon titi a shirin gudun wuta, ya zauna ƙikam har sai ta lafa. Verna ba ta gaya wa kowa ba. Tsoro ɗaya ne ke cin ranta: kada wani ɗan gwamnati ya ga Wendell a haka, a zo cikin ladabi a tafi mata da shi.

Ran wata Talata sai ga farar mota mai tambarin gunduma tana hawowa. Wani mutum mai furfura a gemu ya fito da katan ɗin ruwan gora a kafaɗa.

"Barka da rana, Uwargida Tackett. Sunana Octavio Barragán, daga sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na gunduma. Zagayawa muke muna duba waɗanda wuta ta shafa."

"Wa ya ba ka sunana?"

"A jikin akwatin wasiƙunku na gani."

"To wa ya ce ka karanta? Saurara, malam. Gida ne ya ƙone, ba kai ba. In katako da ƙusa ka kawo, sauke. In babu, ga hanya."

Ya yi dariya, ya ce shi ma nasa gidan ya tafi, yanzu a wurin surukai yake raɓe. Verna ta taɓe baki, ta ce a ranta ai abin da ake koya musu su faɗa ke nan. Amma mutumin ya hango zarton inji a jingine, ya ce da Wendell, wanda ke tsaye a gefe, nasa zarton ya dakushe kuma ya kasa wasa shi. Wendell ya dube shi, ya dubi hannunsa, ya ce, "Ka kawo." Tabɗi! Kalma biyu ga baƙo, alhali ita tun safe ko tari bai yi mata ba.

Daga nan kowace Talata farar motar sai ta zo. Su zauna a kan kututture suna wasa zarto, suna faskare, suna magana ƙasa-ƙasa. Verna ta shiga gasa kek ɗin tuffa, ba don karamci ba, don ta sami dalilin matsowa. Da ta iso sai su yi shiru. Wannan abu ya ƙona mata rai ba kaɗan ba. Ta leƙa cikin motar ko za ta ga na'urar naɗar murya, ba ta ga komai ba sai ɓawon lemo, ta ce lallai ɓoyewa ya yi da kyau.

"Kai tsoho," in ji ta da mijin, "in ya tambaye ka barci, ka ce kana yi har da minshari. In ya tambayi abinci, ka ce kana cinye nawa. Ka ji ni ko?"

Wendell ya gyaɗa kai kawai.

Sai wata Talata iska ta taso. Ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta ja ƙofa, Wendell ya ƙi fitowa daga mota, ga kuma farar motar nan tafe. Octavio ya duba, ya zagaya ya buɗe ɗaya ƙofar ya zauna kusa da shi. Haka suka yi ta zama har iskar ta kwanta. Verna na kallon su daga bakin ƙofa. Ta ce shi ke nan, ya gani da idonsa. Ta yi mako tana kallon titi, ba wanda ya zo ɗaukar Wendell. Wani da sai hankalinsa ya kwanta, ita kuwa cewa ta yi hujja suke ƙara tarawa.

Ƙawarta Dot Ferrell, mai gyaran gashi, ita ta kawo mata labari a wurin rabon kayan abinci.

"Ke Verna, kin ji? Tallafin gobarar da aka ba gunduma ya kusa ƙarewa. Kansiloli za su zauna ran Alhamis, ko a ci gaba da biyan masu zagayen nan, ko a zuba ragowar a bututun ruwa."

"Masu farar mota?"

"Su mana. Na ji ma naki yana cin kek."

"Zai ci na ƙarshe," in ji Verna.

A zaman majalisar gunduma kowa na da damar tashi ya tsaya gaban makirufo ya faɗi ransa har jar fitilar cikar lokacinsa ta kama. Verna ta sa rigarta ta zuwa coci, ta miƙe kamar za ta tsawata wa 'yan bas.

"Ranku ya daɗe, yawancinku ni na kai ku makaranta, saboda haka ku saurara. Mu a Coyle Flat ba mahaukaci ko ɗaya. Kakanninmu sun sha gobara, sun sha ƙanƙara, ba wanda ya zo ya riƙe musu hannu yana tambayar yadda suke ji. Har yau ruwan gora muke sha, famfo ba ya zuwa. Amma kun sami kuɗin aiko mana ƙato ya zauna a kututture yana cin kek yana leƙa mana asiri! Ku ba mu bututu, kawunanmu mu ji da su."

Zaure ya ɗauki tafi har da fito. Shugabar zaman ta tambaya ko akwai wanda ya amfana da masu zagayen da zai yi magana. Ba wanda ya tashi. Ga su nan kuwa zaune, maza da mata, waɗanda farar motar ke tsayawa a ƙofarsu kowane mako, kowa ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. Haba, mutanen garin nan! Gara mutum ya mutu da ya tsaya gaban maƙwabta ya ce kansa na damunsa. Aka kaɗa ƙuri'a, bututu ya ci. Octavio na can kujerar baya, ya ɗauki hularsa ya fita. Ko harara bai yi mata ba, abin da ya ƙara ba ta haushi ke nan.

Ta koma gida tana taƙama, ta zuba wa Wendell miyar wake, ta ce, "Na raba mu da shi. Ba mai ɗaukar ka yanzu." Ya ajiye cokali a hankali ya fita waje.

Ran Talatar ƙarshen watan, farar motar ta sake zuwa. Wannan karon Octavio bai nufi kututture ba, ƙofar ɗakin ya zo, Wendell na biye da shi.

"Sallama na zo yi, Uwargida Tackett. An mayar da ni ofis, can cikin birni."

"Allah ya kiyaye hanya. Kek dai babu."

"Akwai abin da zan bari. Amma ba ni zan yi bayani ba." Ya juya ya dubi Wendell.

Wendell ya matso gaban Verna. Da ya buɗe baki, muryar a dishe take.

"Makullin akwatin bindigogina ne. Tun farkon zuwansa na ba shi ya riƙe mini."

"Au! Na faɗa! Wato har bindigogin sun ƙwace..."

"Ba ƙwacewa ya yi ba, Verna. Ni na roƙe shi." Ya dube ta. "Ranar wutar na wuce maƙwabcinmu tsoho Harlan a bakin titi yana ɗaga mini hannu. Hayaƙi ya rufe, ga wuta a baya, ban tsaya ba. A wutar ya mutu, kuma kullum sai na gan shi a idona. Akwai ranar da kika tafi kasuwa, na buɗe akwatin na zauna a gabansa ina tunanin kashe kaina, har na ji ƙarar motarki."

Verna ta zauna a kan matakala. Ita da take hango yaro a kujerar baya, ga mutum a gado ɗaya da ita, ba ta ga komai ba.

"Me ya sa ba ka gaya mini ba?"

"Ke kika ce in ce ƙalau nake."

Ta juya wurin Octavio, karo na farko ba tare da harara ba. "To wa zai zo Talata mai zuwa?"

"Babu kowa. Akwai lambar da ake kira kowane lokaci, na sa wa Wendell a waya. Akwai asibiti a birni, na shigar da sunansa, amma layin da tsawo, sai dai bayan sanyi. Zan riƙa bugowa in na samu sarari."

"A sake zama mana! Zan koma in gaya musu..."

"An riga an ba da kwangilar bututun," in ji shi a hankali. "Amma ki je. Za su saurare ki fiye da ni."

Ya ciro ɗan ƙaramin makulli daga aljihun rigarsa ya sa mata a tafin hannu, ya rungume Wendell, ya shiga mota. Verna ta bi ta da kallo har ta sha kwana, tana ji kamar ta ruga ta tare ta.

Wendell ya zauna kusa da ita a matakalar, kafaɗarsa na taɓa tata.

"Ki ɓoye shi inda ba zan gani ba," in ji shi. "Kuma kada ki gaya mini, Verna. Ko na yi miki kuka, kada ki gaya mini."